Mene ne Tsanani? Tambayoyi da Amsoshi kan Ma'anarsa a Kimiyya da Rayuwar Yau da Kullum

Mukan ce rana ta yi zafi, ƙara ta yi yawa, haske ya kashe ido, ciwo ya yi tsanani, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Maganganun daban-daban ne, amma abu guda suke nunawa, kuma masana kimiyya sun ba wannan abu suna da ma'auni. Littattafan kimiyya na Turanci suna kiransa intensiti. A nan za mu kira shi tsanani, domin ita ce kalmarmu da ta fi kusa da shi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Me ake nufi da tsanani a ilimin kimiyya?

Ana nufin yawan makamashin da ke sauka a kan wani fili a cikin wani lokaci. Abu uku ne a ciki: nawa ne ya sauka, a kan wuri mai faɗin nawa, cikin lokaci nawa. Makamashin da ke gudana a kowace daƙiƙa ana auna shi da wat, irin wanda ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki. Idan aka raba wat ɗin da faɗin wurin da ya sauka, an sami tsanani. Shi ya sa ma'auninsa ya zama wat a kan kowane murabba'in mita, wato fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya.

Da wannan ma'auni ake auna hasken rana, da sauti, da zafin da ke fitowa daga wuta, da saƙon rediyo. Duk abin da ke ɗauke da makamashi daga wuri zuwa wuri yana da tsanani.

To ai ƙarfi ke nan. Wane bambanci ke tsakanin yawan abu da tsananinsa?

Nan ne gizo ke saƙa, kuma wanda ya gane wannan ya gane sauran.

Ɗauki gilashin nan mai ƙara girman rubutu ka fita da shi rana tsaka, ka sa farar takarda a ƙarƙashinsa. Da fari za ka ga da'irar haske mai faɗi, ba ta yi wa takardar komai. Ka riƙa ɗaga gilashin a hankali, da'irar tana tsukewa, tana tsukewa, har ta koma ɗigo ɗaya mai ɗaukar ido. Kafin ka ƙirga ashirin wurin ya soma yin baƙi, sai siririn hayaƙi ya tashi, sai ƙaurin takarda ya bugi hancinka. Me ya canza? Rana ba ta ƙara zafi ba. Gilashin ba shi da batir, bai ƙara ko ƙwayar makamashi ba. Gilashi mai faɗin santimita 5 bai tara abin da ya wuce wat 2 na hasken rana ba. Abin da ya yi shi ne ya tattara wannan wat 2 ya jibge su a wurin da bai fi kan ashana ba, sai tsananin ya ninka sau ɗaruruwa.

Ga wani misalin da ya kamata kowane mai yara ya sani. Ƙwan lantarki mai wat 60 yana watsa makamashinsa ko'ina a ɗaki, ta yadda a nisan mita 2 abin da ke sauka bai fi kusan wat 1 a murabba'in mita ba. Ɗan ƙaramin leza irin na nuna rubutu a allo kuwa ƙarfinsa yakan tsaya a kashi 5 cikin 1,000 na wat ɗaya, wato ko kusa da ƙwan bai kai ba. Amma duk haskensa a ɗigo ɗaya yake tafiya. Idan ɗigon ya kai murabba'in milimita ɗaya, tsananinsa ya kai wat 5,000 a murabba'in mita, ninki biyar na rana tsaka. Shi ya sa kallon ƙwan lantarki ba ya yin komai, haska leza a ido kuwa yana iya yi wa gani lahani. Ba abin wasan yara ba ne ko kaɗan, komai ƙanƙantarsa.

Me ya sa haske da sauti ke raunana idan mutum ya yi nisa da su?

Ba don makamashin ya ɓace ba. Bazuwa yake yi. Haska tocila a bango daga kusa, za ka ga ƙaramar da'ira mai haske ƙal. Ja da baya, da'irar ta buɗe, hasken ya dushe. Haske ɗaya ne, filin da ya rufe ne ya ƙaru.

Akwai ƙa'ida a kan haka ga duk abin da ke watsuwa ko'ina daga wuri guda. Idan ka ninka nisanka sau biyu, tsananin ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Idan ka ninka sau uku, ɗaya cikin tara. Sau goma, ɗaya cikin ɗari. Dalili shi ne filin da makamashin ke rufewa yana ƙaruwa ta tsawo da ta faɗi lokaci guda. Duniyar Mas ta fi tamu nisa da rana da kusan ninki ɗaya da rabi, saboda haka hasken da ke isa can bai kai rabin namu ba. Duniyar Jufita kuwa, wadda nisanta ya ɗara ninki biyar na namu, kashi ɗaya cikin kusan 27 kawai take samu.

Amfanin wannan ƙa'ida a rayuwa babba ne: matsawa taku kaɗan daga abu mai ƙara ko mai zafi yana rage illarsa fiye da yadda mutum ke zato. Da ita ma'aikatan ɗakin hoton ƙashi a asibiti ke kare kansu, suna tsayawa nesa da na'urar ko bayan kariya.

Tsananin hasken rana nawa ne, kuma me ya sa yake canzawa?

A can sama, kafin hasken ya shiga iskar da ta lulluɓe duniya, ya kai kusan wat 1,361 a murabba'in mita. Iska da ƙura da tururi suna cin wani kaso, sai ya iso ƙasa da kusan wat 1,000 da tsakar rana idan sama ta yi garau. Da wannan adadi na 1,000 ake gwada faifan sola a masana'anta kafin a rubuta ƙarfinsa a jikinsa, shi ya sa faifan ba ya ba da abin da aka rubuta da safe ko da yamma ko ranar hadari.

Da hantsi da la'asar hasken a karkace yake zuwa, sai ya shimfiɗu a fili mai faɗi, ga kuma doguwar tafiya da yake yi a cikin iska. Da rana tsaka kuwa a tsaye yake sauka. Wannan karkatar ce kuma ke haifar da lokutan zafi da sanyi na shekara. Mutane da yawa suna ɗauka kusantar rana ce ke kawo zafi. Ba haka ba ne. Duniya ta fi kusa da rana a farkon watan Janairu, lokacin da ƙasashen Turai da Kanada ke fama da ƙanƙara. Karkacewar duniya da kusan digiri 23 da rabi ita ce ke sa wani ɓangare ya fuskanci rana sosai, wani ya kauce mata.

Mene ne desibel, kuma me ya sa lissafinsa ke rikita mutane?

Desibel ma'aunin tsananin sauti ne. Sunan ya samo asali daga Alexander Graham Bell, wanda ake danganta ƙirƙirar tarho da shi. An fito da shi ne saboda kunnen ɗan Adam abin al'ajabi ne: sauti mafi rauni da lafiyayyen kunne ke ji ya kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na wat a murabba'in mita, wanda ke sa kunne zafi kuwa ya kai kusan wat ɗaya. Tsakaninsu ninki tiriliyan ne. Wa zai riƙa jan sifili goma sha biyu kullum? Sai aka dunƙule tazarar ta koma daga 0 zuwa 120.

Amma dunƙulewar tana da sharaɗi. Kowane ƙarin desibel 10 yana nufin tsananin ya ninka sau goma. Raɗa tana kusan desibel 30, hira ta yau da kullum kusan 60. Wanda bai sani ba zai ce hira ta ninka raɗa sau biyu. A'a, sau dubu ne. Haka nan idan injin janareta ɗaya yana ba da desibel 80, aka kunna na biyu irinsa a gefensa, ba 160 za a samu ba, 83 ne, domin ninkin biyu ƙarin desibel 3 ne kawai. A fili kuma, duk lokacin da ka ninka nisanka da mai ƙarar, desibel 6 ke raguwa.

Akwai kuma abin da kunne ke ɓoye mana. Sai tsanani ya ninka sau goma kafin mutum ya ji kamar ƙarar ta ninka sau biyu. Wato abin da ke bugun kunnen ya fi abin da muke ji yawa nesa ba kusa ba.

Yaushe ne ƙara ke soma lalata ji?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna a duk cikinsu. Ƙa'idar da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da ita ce kada mutum ya wuce awa 8 a cikin ƙarar desibel 85. Kowane ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin gida biyu: a 88 awa 4, a 91 awa 2, a 94 awa 1. Idan aka kai 100, minti 15 ne kawai. Wayoyi da yawa suna iya kaiwa wannan mataki ta abin sawa a kunne idan aka ƙure musu murya.

Na taɓa tsayawa gab da wata babbar lasifika a wani taro na kusan awa biyu, saboda nan ne kawai na sami wuri. Ina jin bugun sautin a ƙirjina, ban ɗauke shi komai ba. Da na koma na kwanta, dare ya yi tsit, sai na ji wani siririn kuka a kunnena na hagu kamar na sauro, ba ya tsayawa. Washegari muryoyin mutane suna zuwa mini kamar an toshe kunnen da auduga. Kwana biyu ya ɗauka kafin ya sake. Daga baya na fahimci cewa wannan kukan gargaɗi ne. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu siririn gashi a kansu, su ke mayar da girgizar sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana gajiyar da su, in ta daɗe ta kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ba ciwo, ba jini, shi ya sa ba a lura sai bayan shekaru, ranar da mutum ya ga yana yawan cewa "na'am? sake faɗa."

Gwaji mai sauƙi: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nisan hannu da kai ya ji ka, ƙarar wurin ta kai matakin da ya kamata ka matsa, ko ka toshe kunne, ko ka taƙaita zamanka.

A kwalin ƙwan lantarki ana rubuta lumen, wani wuri kuma a ga luks ko kandela. Duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, ko da yake 'yan gida ɗaya ne. Lumen shi ne jimillar hasken da fitila ke fitarwa ta kowace kusurwa. Kandela tana auna ƙarfin hasken da ke tafiya ta fuska guda, kuma tana cikin ginshiƙan ma'aunai bakwai da duniya ta amince da su. Kyandir na yau da kullum yana ba da kusan kandela ɗaya. Luks kuwa yana auna hasken da ya sauka a kan abu, lumen ɗaya a murabba'in mita. Shi ne ya fi shafar mai karatu ko mai ɗinki, domin tambayarsu ita ce hasken da ya iso kan teburi. Farin wata ranar sha huɗu bai kai luks ɗaya ba, ɗakin aiki mai kyau yakan sami 300 zuwa 500, rana tsaka kuwa tana iya kaiwa 100,000. Waɗannan ma'aunai uku an gina su ne a kan yadda idon mutum ke gani, kuma ido ya fi kama launin kore mai ratsin rawaya fiye da ja ko shuɗi.

Shin duk lokacin da tsanani ya ƙaru, tasiri ma yana ƙaruwa?

Ba koyaushe ba, kuma gano haka ya girgiza ilimin kimiyya. Masana sun lura cewa idan aka haska wasu ƙarafa, ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron sukan fice daga jikinsu. Hankali zai ce haske mai tsanani zai fi korar su da ƙarfi. Sai aka ga ba haka ba. A kan ƙarfe irin zinki, ko nawa aka ƙara tsananin jan haske, ko ɗaya ba ya fita, amma ɗan kaɗan na hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, nan take yake fitar da su. A 1905 Albert Einstein ya bayyana dalili: haske a ƙulle-ƙulle yake zuwa, kuma makamashin kowane ƙulli ya dogara ne da launinsa. Ƙara tsanani yana ƙara yawan ƙullin, ba ya ƙara ƙarfin kowannensu. Wannan bayani ne aka ambata a kyautar Nobel ta 1921 da aka ba shi.

Abin ya shafi fatarmu. Mutum zai zauna kusa da wuta ya ji zafi sosai, fatarsa ba ta yi irin ƙunar da rana ke yi ba, saboda ultrabayolet ne ke wannan ƙunar, ba ɗumin da ake ji ba. Yana kuma ratsa siririn gajimare, ko da garin ya yi lumshi.

A labarai akan ce girgizar ƙasa ta kai maki 7. Tsananinta ke nan?

A'a, girmanta ke nan. Girma yana auna makamashin da ya fashe a can inda dutsen ya tsage, kuma kowace girgiza lamba ɗaya take da ita. Charles Richter ne ya fito da irin wannan ma'auni a 1935, ko da yake yau an fi amfani da wani sabo da ya gaje shi. Ƙarin maki ɗaya yana nufin makamashi ya ninka kusan sau 32.

Tsanani kuwa yana auna yadda ƙasa ta girgiza a wani wuri takamaimai da abin da ta yi wa mutane da gine-gine. Ma'aunin da aka fi sani na Giuseppe Mercalli ne, wani limamin coci masanin duwatsu masu aman wuta ɗan Italiya, wanda ya tsara shi a 1902, aka yi masa kwaskwarima a Amurka a 1931. Matakai 12 gare shi, daga wanda sai na'ura ke ji har zuwa wanda ba ya barin gini a tsaye. Girgiza ɗaya tana iya zama mataki na 9 a wannan gari, na 4 a wancan. Jafan tana da nata ma'aunin da ya tsaya a 7.

Nisa da zurfi da irin ƙasar wurin duk suna da hannu. A ranar 19 ga Satumba 1985 girgiza mai girman kusan 8 ta tashi a gaɓar tekun Fasifik ta ƙasar Meziko. Babban birnin ƙasar yana da nisan fiye da kilomita 300 daga wurin, amma shi ya fi shan ɓarna, dubban mutane suka rasu. An gina tsakiyar birnin ne a kan busasshen tafki, laka mai taushin da ke ƙasa ta karɓi girgizar ta ƙara mata ƙarfi.

Ruwan sama fa?

Ana auna tsananinsa da milimita a awa. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta sauka a kowane murabba'in mita. Ƙasa da milimita 2.5 a awa yayyafi ne, abin da ya haura 7.6 kuma an shiga ruwa mai ƙarfi. Milimita 50 da suka sauka cikin yini guda ƙasa za ta shanye su, shuka ta ji daɗi. Su ɗin dai idan suka zubo cikin awa ɗaya, ƙasa ba ta samun sararin sha, sai ruwan ya kwashi saman ƙasa ya cika magudanai ya shiga gidaje. Da yayyafi kogi kan cika, gaskiya ne, amma mamakon ruwa ne ke sa ya yi ambaliya cikin dare ɗaya.

Guguwar teku ma da saurin iskarta ake rarraba ta, mataki na 1 daga kilomita 119 a awa, na 5 daga 252.

Likitoci kan ce a yi motsa jiki "matsakaici" ko "mai tsanani". Yaya mutum zai gane wanda yake yi?

Da numfashinka. Idan kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, matsakaici ne, kamar tafiya da sauri. Idan kalma biyu ko uku kawai kake iya furtawa sai ka ja numfashi, mai tsanani ne, kamar gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Lura da yadda lissafin ya koma kan abin da muka fara da shi: in tsanani ya hau, lokaci ya sauka.

Tsananin a nan da mutum ake auna shi. Hawan bene da saurayi ke yi yana hira, shi ne ke sa dattijo haki. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ko wanda ya daɗe bai motsa ba, ya fara ganin likita kafin ya shiga mai tsanani.

Me ya sa a lissafin kimiyya ake rubuta ƙarfin kwararar wutar lantarki da harafin I?

Daga Faransanci ne. André-Marie Ampère, wanda amfiya, ma'aunin kwararar lantarki, ke ɗauke da sunansa, yana kiran abin tsananin kwarara a harshensu, kalmar kuma da harafin I take farawa. Harafin ya zauna har yau.

Ana iya auna tsananin ciwo, ko fushi, ko baƙin ciki?

Babu na'urar da za a ɗora wa mutum ta nuna adadin zafin da yake ji. Abin da asibitoci ke yi shi ne su tambayi majiyyaci ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10, 0 babu ciwo, 10 mafi munin da zai iya tunani. Yara ƙanana akan nuna musu zanen fuskoki, daga mai murmushi zuwa mai kuka, su nuna wadda ta yi kama da halin da suke ciki. Lambar wani ba ta gwaduwa da ta wani, 6 ɗina ba lallai ta zama 6 ɗinka ba. Amfaninta a mutum guda yake: wanda ya ce 8 da safe, aka ba shi magani ya ce 4 da yamma, an san maganin ya yi aiki.

Likita ba ya tsayawa a lambar. Zai tambayi inda ciwon yake, wuri ɗaya ne da za a iya nunawa da yatsa ko ya bazu, tun yaushe ya fara, yana zuwa yana tafiya ne ko ya zauna. Ciwon kai mai tsanani da ya faɗo wa mutum farat ɗaya, irin wanda bai taɓa ji ba, abin gaggawa ne, a tafi asibiti nan take. Ciwon da bai wuce 3 ba amma ya yi wata uku bai tafi ba, shi ma yana bukatar a duba shi, ko da mai shi ya saba da shi har ya daina faɗa. Haka masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ke yi da damuwa da baƙin ciki, suna tambayar ƙarfinsa da kuma daɗewarsa, da ko ya hana mutum barci da cin abinci da fita aiki. Idan ƙuncin rai ya kai mako biyu yana danne mutum kusan kowace rana, lokacin neman likita ya yi.